Batir da Cajar Arha a Yankin Bakolori: Sauƙi ne ko Asara?

Batir da caja su ne kayan wayar hannu da suka fi saurin lalacewa, su ne kuma aka fi komawa kasuwa dominsu. Waya takan daɗe a hannun mai ita, amma kafin ta mutu ta ci batir fiye da ɗaya, caja kuwa ba a ma lissafa ta. A yankin Bakolori, wato ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun na jihar Zamfara, galibi ana sayen waɗannan kaya ne a teburan masu kayan waya da ke bakin tasha da kasuwannin mako, musamman kasuwar Talata Mafara da ke ci ranar Talata. Kayan kan taso daga masana'antun ƙasar Sin, su sauka a Legas, su biyo ta manyan kasuwannin waya irin su Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko ta Gusau da Sakkwato, kafin su iso tebur. Kowane hannu da suka ratsa ya ɗora ribarsa, amma duk da haka farashin wasunsu yakan yi ƙasa har mai lura ya tambayi kansa abin da aka rage a ciki. Daga nan muhawarar ta taso: wasu na ganin sayen na arha dabara ce ta mai ƙaramin ƙarfi, wasu kuma na ganin asara ce da ake biya kaɗan-kaɗan, wani lokaci har da rai.

Yanayin yankin shi ya sa maganar ta yi nauyi. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 a kan Gulbin Sakkwato domin noman rani, aka haɗa mata ƙaramar tashar lantarki mai ƙarfin megawat 3. Sai dai zama kusa da madatsar bai sa wuta ta wadata ba. Garuruwan da ke kan layin kamfanin rarraba wuta na Kaduna suna samunta ne jefi-jefi, ƙauyuka da dama kuma babu ita sam. Saboda haka yawancin wayoyi a shagon caji suke kwana ko su yini, inda janareto ko sola ke ba jerin soket-soket da aka kafa a jikin katako wuta, mai shago ya manna wa kowace waya lamba, ya ba mai ita kati mai irin lambar. Ita kuwa wayar ta wuce abin ƙawa. Da ita manomin shinkafa ke jin farashin buhu kafin ya yi lodi, da ita ake kiran direba, ita ce tocila, ita ce rediyo, ita ce banki tun da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa mutane tura kuɗi ta waya. A yankin da ke fama da 'yan bindiga, ta waya ake sanar da juna halin da hanya ke ciki. Mutanen Zamfara sun ɗanɗana rashinta a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar.

Masu goyon bayan na arha suna farawa ne da aljihu. Kuɗin manomi na zuwa ne da kaka ko bayan girbin rani, tsakanin nan kuwa lallaɓawa ake yi. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira ta faɗi a watannin da suka biyo, duk kayan da ake shigowa da su suka tashi. Mutumin da batirinsa ya mutu a tsakiyar damina, ga kuɗin taki ga na ƙwadago, ba ya zaɓe tsakanin mai kyau da maras kyau. Zaɓinsa shi ne ko na arha ko waya a kashe har kaka. Da babu gara ba daɗi. Suna kuma cewa ƙaramar waya mai madannai, wadda wataƙila ma gwanjo aka saye ta, ba ta cancanci batir mai tsadar da ya kusa kai kuɗinta ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko ƙarfi a wajen masu sanin harkar. Batirin ƙananan wayoyi tsohuwar fasaha ce. Kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyom a 1991, samfurin Nokia kuma mai suna BL-5C, mai ɗaukar mAh 1020 (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), ya bazu har masana'antu da yawa suka riƙa yin batura daidai girmansa, ana sa su a wayoyin wasu kamfanoni da ƙananan rediyoyi da sifikoki. Abin da ake ƙerawa da yawa haka, ba tare da kuɗin talla ko na suna ba, dole ya yi sauƙi. Arharsa kaɗai ba ta isa shaidar cewa ba shi da kyau ba.

Sai hujjar da ta fi wuyar turewa: a kasuwar ƙauye tsada ba ta tabbatar da cewa abu na gaske ne. Mai tebur yakan ce, “Alhaji, akwai na daidai kuɗi, akwai kuma orijina, wanne za a ba ka?” Ya miƙo kwali biyu, ɗaya ya fi ɗaya sheƙi. Mai saye ba shi da na'urar gwaji, sau da yawa shi ma mai tebur ɗin haka aka sayar masa a sari, ya yarda da abin da aka faɗa masa. Tun a 2004 Nokia ta fara manna tambari mai walƙiya a jikin baturanta don a bambance su da na jabu, ba a jima ba masu jabu suka kwaikwayi tambarin. In har wanda ya biya ninki uku zai iya komawa gida da jabun da aka yi wa kwali mai kyau, to wanda ya sayi na arha da saninsa ya fi shi, domin shi aƙalla ba a cuce shi sau biyu ba. Suna ƙarawa da cewa manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 2007 Nokia ta yi gargaɗi a kan baturan BL-5C miliyan 46 da kamfanin Matsushita na Japan ya ƙera mata, saboda suna iya yin zafi fiye da kima a caji. A 2016 Samsung ta janye wayarta Galaxy Note 7 daga kasuwa ɗungurungum bayan baturanta sun riƙa kamawa da wuta. Ga kuma halin wutar gida: janareton da ke hawa da sauka, ko wutar da aka kawo da ƙarfi tsakar dare, ba ta tambayar kuɗin caja kafin ta ƙona ta. Caja kuma abar aro ce, tana yawo ɗaki-ɗaki, a musanya ta a shagon caji, yaro ya ja igiyar ta tsinke.

Masu adawa ba su musa talauci ba. Abin da suke cewa shi ne a buɗe cajar a ga abin da ke ciki. Wutar soket a Najeriya bolt 230 ce, waya kuwa a caji na yau da kullum bolt 5 take karɓa. Aikin kan caja shi ne ya sauko da wannan ƙarfi, ya kuma raba ɓangaren wuta mai kisa da ɓangaren da ke zuwa hannun mutum. Rabuwar ta dogara ne da ƴar ƙaramar taransifoma mai rufi mai kyau, da tazarar ƴan milimita a kan allon da aka jera kayan, da fis da zai yanke in abu ya ɓaci. Waɗannan ne ainihin wuraren da mai neman rage kuɗi ke taɓawa, domin ido ba ya ganinsu. Ya rage rufin, ya matse tazarar, ya cire fis ya sa siririyar waya a madadinsa. Masu gyara sukan fasa wata cajar su tarar da guntun ƙarfe an manna shi da gam a ciki, ba ya aikin komai sai ƙara nauyi, saboda an san masu saye na auna caja a tafin hannu. Irin wannan caja tana iya yin watanni tana aiki lafiya, ranar da danshi ko ƙura ko hawan wuta ya haɗa ɓangarorin biyu, bolt 230 ta bi igiya ta isa jikin waya.

Wannan ba zato ba ne. A 2016 hukumomin kula da ingancin kaya na Birtaniya suka sa kamfanin gwaji na UL ya auna cajojin jabu 400 masu ɗauke da sunan Apple, waɗanda aka sayo daga ƙasashe daban-daban. Uku kacal suka tsallake gwajin rufin wuta. A 2013 wata matashiya ta rasu a ƙasar Sin sakamakon jan wuta tana amfani da waya a caji, abin da ya sa Apple ta buɗe shirin karɓar cajojin da ba nata ba tana ba da nata a farashi mai rahusa. A 2014 hukumomi a Ostareliya suka yi gargaɗi bayan mutuwar wata mata da aka danganta da cajar arha. Yanayin Bakolori kuwa ya fi na waɗancan wurare haɗari. Mai ban ruwa yakan dawo daga gona da jiƙaƙƙun ƙafafu, ba takalmi, ya tsaya a kan daɓen ƙasa ko siminti ya ɗauki waya tana jone. Akan bar waya a caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi a kwanta barci, a ɗakin da wataƙila akwai jarkar fetur ta babur ko ta injin ban ruwa a kusurwa.

Ko ba a kai ga jan wuta ba, cajar banza tana cin waya a hankali. Wutar da take fitarwa ba ta da daidaito, tana rawa, shi ya sa wasu wayoyin sukan fara danna kansu da kansu da zarar an jona su, ko gilashin ya ƙi jin yatsa. Ɓangaren da ke kula da caji a cikin wayar shi ke shan wannan duka, ranar da ya ƙone kuma kuɗin gyaransa ya ninka abin da aka yi tattali. Igiya ma haka: ta arha ƴan siraran wayoyi ne a ciki, wuta na ɓacewa a hanya, waya ta yini a jone ba ta cika ba.

A kan batir, babban ƙorafin shi ne ƙarya a rubutu. Ana iya buga kowace lamba a jikin takarda, kuma akan ga batir ɗan mitsitsi an rubuta masa adadin da girmansa ba zai taɓa ɗauka ba. A ƙasar da ke da wuta a kowane ɗaki wannan ɓacin rai ne kawai. A ƙauyen da ake biyan kuɗin caji duk zuwa, lissafi ne na kullum: batirin da ke riƙe rabin abin da ya kamata yana nufin zuwa shago sau biyu a inda sau ɗaya zai isa, kuma kafin a je ko'ina kuɗin cajin ya cinye rarar da aka samu ranar saye. Wannan ita ce hujjar da ta fi dacewa da yankin, ita ce kuma masu goyon bayan arha suka fi kasa amsawa, domin da ma'auninsu na aljihu aka auna ta. Ƙananan bankunan wuta da ake yawo da su a aljihu don cajin waya sun fi kowane kaya shan wannan ƙarya. Ko na gaskiya mai mAh 10,000 ba ya ba waya duka adadin, saboda wani kaso na tafiya wajen sauya ƙarfin wutar. Na jabu kuwa an sha fasa su a ga batir ɗaya ne mai aiki, sauran kwanson yashi ne a ciki.

Akwai kuma zafi. Batirin litiyom yana da iyakar cika, wajen bolt 4.2 a irin na ƙananan wayoyi, kuma akwai ɗan allo a bakinsa da ke yanke wuta in an kai iyakar ko in an samu haɗuwar waya. Batirin da aka yi wa ƙwauron wannan allo, aka kuma ɗora shi tsirara a kan cajar nan mai ƴan ƙarafa biyu da ake maƙala batir a kai, a cikin shagon kwano a watan Afrilu ko Mayu lokacin da zafin Zamfara ke haura digiri 40, ba abin da zai tsare shi. Alamar farko ita ce kumburi. Murfin bayan waya ya fara ɗagawa, mai ita ya ɗaure shi da roba ya ci gaba da harkarsa. Masu gyara na da gwaji mai sauƙi: a ɗora batir a kan tebur mai santsi a murza shi da yatsa, in ya juya kamar katantanwa to cikinsa ya tara iska, ya tashi daga aiki. Game da Nokia da Samsung kuwa, masu adawa na cewa misalan nasu ne ba na abokan muhawararsu ba. Waɗancan kamfanoni sun yi shela, sun musanya kaya, sun yi asarar dukiya mai yawa, saboda suna da suna da adireshin da za a kama. Batirin da ba a san wanda ya yi shi ba, in ya yi ɓarna, ba wanda zai janye sauran ƴan uwansa daga kasuwa.

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, abin da ke fitowa shi ne an haɗa abubuwa uku a tambaya ɗaya, alhali hukuncinsu ya bambanta.

Batirin ƙaramar waya, wanda ake cirewa da hannu, shi ne inda masu arha suka fi gaskiya. Wutar da yake ɗauka kaɗan ce, mai shi na iya ganinsa kullum, in ya kumbura a gane nan take, canza shi kuma ba ya bukatar kowa. Sayen matsakaici a nan ba wauta ba ne, muddin an guji wanda lambar jikinsa ta wuce hankali, an kuma saya a wajen mai tebur da yake nan kowace Talata, wanda za a iya komawa gare shi. Batirin babbar waya, wanda yake manne a ciki, wani abu ne daban. Ya ninka na ƙaramar girma sau da yawa, ba a ganin kumburinsa sai ya ture gilashi, kuma sai mai gyara ya buɗe wayar ya ɓamɓaro tsohon, aikin da in aka huda batirin yakan tashi da wuta a take. A nan amanar mai gyara ta fi sunan da ke kan kwali muhimmanci, domin akwai baturan da aka ciro daga matattun wayoyi aka sake musu takarda. Mai waya na da haƙƙin a buɗe sabon a gabansa, a nuna masa tsohon, a kuma yanka masa kwanakin da zai iya dawowa in bai riƙe caji ba. Mai gyaran da ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya faɗi irin kayan da ke hannunsa.

Kan caja shi ne inda hujjar arha ta faɗi. Shi kaɗai ne a cikin kayan ukun ke taɓa wutar soket kai tsaye, aibinsa ba ya nuna alama kafin ya yi ɓarna, kuma ɓarnar ba ta tsaya kan mai waya ba, takan shafi yaron da ya zo cire ta ko ɗakin da aka bar ta. Hujjar cewa na tsada ma yana iya zama jabu gaskiya ce, amma abin da take koyarwa shi ne a kula da inda ake saye. Tsakanin cajar da ba ta da suna da ta manyan kamfanoni akwai matsakaita. Kamfanin Transsion, mai wayoyin Tecno da itel da Infinix da suka cika hannun mutanen yankin, yana da reshen kayan waya mai suna Oraimo da cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan birane. Su ma ana yi musu jabu, shi ya sa mai zuwa Gusau ko Sakkwato ko Kano ya fi samun damar saye a shagon da ke ba da rasit. Cajar da ta zo a kwalin waya tun farko ita ce mafi aminci, ta cancanci a adana ta kamar yadda ake adana wayar.

Nauyin bai kamata ya tsaya kan mai saye shi kaɗai ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su tun 2005, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 kuma ta ba mutum damar mayar da kaya mai aibi. Sai dai ƙarfin waɗannan yana tashar jiragen ruwa da manyan birane. Da wuya ya iso teburin bakin tasha a Maradun. Abin da ya fi kusa da mutane shi ne hukuncin da suka taso da shi. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, a mulkin Ahmad Sani Yariman Bakura, kuma tun kafin nan ɗaliban zaure na karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, inda fikihun Malikiyya ya haramta algus da ɓoye aibi, ya kuma ba mai saye zaɓin mayar da kayan da ya tarar da aibi a cikinsu. A wannan ma'auni, sayar da na arha a matsayin na arha ciniki ne halal. Hausawa na cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma karin maganar tana aiki ne in an gaya masa rariya ce. Mai tebur da ya san kayansa jabu ne ya rantse cewa orijina ne, ya ci kuɗin da ba nasa ba, ko da ribar ƴar kaɗan ce.

Masu shagon caji su ne suka fi kowa ikon gyara lamarin, domin cajojin shago ɗaya na ratsa wayoyin unguwa guda. Wanda ya zuba cajoji masu inganci, ya sa abin daidaita wuta tsakanin janareto da soket, ya bar iska na shiga shagon, ya kare dukiyar jama'a da tasa. Ya dace kuma ya ƙi karɓar duk batirin da ya kumbura, na tsada ne ko na arha, ya faɗa wa mai shi ya cire shi a ranar, kada ya jefa shi a wutar juji ko a magudanar ban ruwa.